Man tsirrai na zango na biyu: tambayoyi da amsoshi kan inda ya kamata bincike ya dosa

Kusan shekara ashirin ke nan ana yi wa duniya alkawarin cewa karan masara da garin katako sun kusa fara tuƙa mota da tayar da jirgin sama. Kaɗan daga cikin alkawarin ya cika, mafi yawansa kuwa har yanzu da sauran rina a kaba. Ga tambayoyin da aka fi yi game da wannan fanni, da abin da ya rage wa masu bincike.

Mene ne man tsirrai, kuma me ya bambanta na zango na biyu da na farko?

Man tsirrai shi ne duk man ababen hawa da aka samo daga tsiro, ko kitsen dabba, ko shara mai ruɓewa, maimakon ɗanyen mai na ƙarƙashin ƙasa. Na zango na farko daga abin da mutum ke ci ake yin sa: itanol (wani nau'in barasa da ake gaurayawa da fetur) daga rake ko masara, dizal daga waken soya ko manja. Brazil ta fara nata shirin na itanol tun 1975, bayan tashin farashin mai, kuma a yau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗin da ake sayarwa a can itanol ne. A Amurka kuwa, kusan kashi ɗaya bisa uku na masarar da ake nomawa, wani lokacin ma fiye, matatun itanol take tafiya.

Na zango na biyu shi ne wanda ba ya gogayya da tukunya. Ana yin sa daga kara, da bambaron alkama ko shinkafa, da tuƙar rake, da ragowar itace, da sharar birni, da wasu ciyayi da ake shukawa musamman. A ƙa'ida, ya kamata ya rage hayaƙin da ke ɗumama duniya sosai, ba tare da ya cinye gona ko daji ba.

Tun da motocin lantarki sun fito, me za a yi da wannan mai kuma?

Ga ƙananan motoci, mai tambaya ya yi gaskiya. Tsiro ba ya mayar da hasken rana makamashi sai kamar kashi 1 ko 2 cikin 100, alhali farantin sola yana kaiwa kashi 20. Fili ɗaya da aka shimfiɗa wa sola zai tuƙa motar batir nisan da ya ninka na filin da aka shuka masara sau da yawa.

Sai dai akwai inda batir bai isa ba. Kilo ɗaya na man jirgin sama yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batir mafi kyau sau arba'in ko fiye. Jirgin da zai tsallaka teku da ɗaruruwan fasinjoji ba zai iya ɗaga batirin da zai kai shi ba. Haka manyan jiragen ruwa masu yin makonni a kan teku, da wani kaso na tirelolin dogon zango. Don haka abu na farko da ya kamata bincike ya amince da shi shi ne cewa tsirran da ake da su ba za su ishi kowa ba, gara a tanade su domin sama da teku.

Me ya sa samun mai daga kara ya fi samunsa daga ƙwaya wuya?

Ƙwayar masara sitaci ce, Allah Ya yi ta ne don ta narke ta ciyar da tsiro. Kara kuwa an yi shi ne don ya tsaya, ya jure iska da ƙwari. Abubuwa uku ne suka haɗa shi: selulos, wanda dogon zaren sukari ne, hemiselulos, wanda ya ƙunshi wani nau'in sukari dabam, da lignin, wanda ya ɗaure su kamar siminti. Kafin a kai ga sukarin sai an fasa wannan ɗauri da tururi mai zafi, ko asid, ko wani sinadari. Daga nan a zuba enzayim, wato sinadaran da ke yayyanka zaren ya koma sukari. Mafi yawan enzayim ɗin nan daga wata fumfuna ake samun su, mai suna Trichoderma reesei, wadda aka gano tana cinye tantunan sojojin Amurka a tsibiran Solomon lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin da ya zame wa soja annoba shi ya zama jarin masana'anta.

A nan matsaloli uku ke jiran masu bincike. Zafin da ke fasa kara yana kuma haifar da wasu sinadarai masu kashe yis, wanda ke mayar da sukari itanol, ko su sa shi kasala. Shi kansa yis ɗin da aka saba da shi ba ya cin sukarin hemiselulos, sai an gyara masa ƙwayoyin halitta, in ba haka ba a yi asarar kaso mai tsoka na kayan. Sannan ga lignin, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na nauyin kara. Yawanci ƙona shi ake yi don a samu tururi. Duk wanda ya gano yadda za a mayar da shi abu mai daraja cikin araha, ya sauya lissafin masana'antar baki ɗaya. An daɗe ana nema, kuma ci gaban da aka samu bai taka kara ya karya ba.

An ce an gina manyan masana'antu sun rufe. Me ya kashe su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci, kuma ita ce aka fi gudu a tarurruka.

A 2007 majalisar dokokin Amurka ta sa wa ƙasar burin samar da galan biliyan 16 na man selulos a shekara kafin 2022. Da shekarar ta zo, abin da aka samu bai kai galan biliyan ɗaya ba, kuma mafi yawansa ma iskar gas ce daga juji da kashin dabbobi. A tsakani an gina masana'antu na gani na faɗa. Ta kamfanonin POET da DSM a Emmetsburg, jihar Iowa, an buɗe ta a 2014, ta daina aiki a 2019. Ta DuPont a wannan jiha, mai ƙarfin galan miliyan 30, an buɗe ta a 2015, an rufe a 2017, daga baya wani kamfanin Jamus ya saye ta ya mayar da ita ta gas. Ta Abengoa a Kansas ta tafi tare da durƙushewar uwar kamfanin. A Turai ma, kamfanin Clariant ya gina tasa a Podari ta ƙasar Romaniya don sarrafa bambaro, ta fara aiki a 2022, a ƙarshen 2023 aka sanar da rufe ta.

Ilimin sinadaran bai yi ƙarya ba, itanol ya fito. Faɗuwar farashin ɗanyen mai daga 2014 ta taka rawa, haka ma sauye-sauyen manufofin gwamnati. Amma babban ciwon yana bakin ƙofar masana'anta ne. A ɗakin gwaji, ɗalibi yana aiki da kara mai tsafta, busasshe, niƙaƙƙe, 'yan giram kaɗan. A masana'anta kuwa dami ne ke zuwa daga gona, ɗaruruwan tan kowace rana: wani ya sha ruwan sama ya fara ruɓa, wani cike da yashi da tsakuwa, wani da guntun igiyar roba a jikinsa. Yashi yana cinye ƙarfen da ke tura kara cikin tukunya, igiya tana naɗe injin, jiƙaƙƙen kara yana curewa ya toshe bututu. Ruwa da gas suna bin bututu yadda aka tsara, kara kuwa yana da taurin kai. Masana'antar da aka lissafa za ta yi aiki wata goma sha ɗaya a shekara, in ta koma tana tsayawa kowane 'yan kwanaki don a kwance a share, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Shi ya sa nake ganin binciken da ya fi cancantar kuɗi shi ne wanda ba ya kawo wa kowa lambar yabo: yadda za a tace, a busar, a adana, a kuma tura kayan da ba su da tabbas. Abin lura ne cewa inda aka fi ci gaba shi ne Brazil, inda kamfanin Raízen ya buɗe wata babbar masana'anta a Guariba a 2024. A can tuƙar rake tana tare a harabar matata tun farko, ba sai an bi gona-gona ana tattarawa ba.

Ai sharar gona kyauta ce, kuma tana da yawa. Ko ba haka ba?

Tana da yawa, amma ba kyauta ba ce, kuma kiran ta shara ma kuskure ne. Karan da aka bari a gona yana rufe ƙasa daga zaizaya, yana riƙe danshi, yana ruɓewa ya zama taki. In aka kwashe duka shekara bayan shekara, ƙasa ta gaji, sai manomi ya ƙara takin zamani, kabon ɗin da ke ajiye a cikinta kuma ya fice sama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Nawa za a iya ɗauka ba tare da cutar da gona ba? Amsar ta danganta da irin ƙasa, da gangarenta, da yawan ruwan sama, kuma tana buƙatar gwajin shekaru masu yawa, irin wanda masu ba da tallafin bincike na shekara uku ba sa so.

Ga kuma dako. Kara yana da girma amma ba nauyi, babbar mota takan cika kafin ta ɗauki abin kirki. Da zarar nisa ya wuce 'yan gomman kilomita, dizal ɗin da aka ƙona wajen jigila ya fara cin riba. Girbi sau ɗaya ne a shekara, masana'anta kuwa kullum sai ta ci, don haka dole a jibge dammunan karan da za su isa wata goma, tare da haɗarin gobara da ruɓa. Ana binciken ƙananan cibiyoyi kusa da gonaki da za su danne kara ya zama ƙwayoyi masu nauyi kafin a yi jigilarsa.

Akwai inda karan ya zama matsala da gaske. A arewacin Indiya manoma na ƙona bambaron shinkafa don su yi saurin shuka alkama, hayaƙin ya turnuƙe Delhi. Masana'antar itanol da aka buɗe a Panipat a 2022 an gina ta ne don cin wannan bambaro.

Ban da yis da enzayim, babu wata hanya?

Akwai hanyar wuta, kuma kashi uku ce. Ta farko, a gasa itace ko shara da zafi mai tsanani da iska kaɗan har ya koma gas, sannan a harhaɗa gas ɗin ya zama dizal ko man jirgi. Dabarar harhaɗawar tsohuwa ce, Franz Fischer da Hans Tropsch suka fito da ita a Jamus a shekarun 1920, kuma kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu ya daɗe yana amfani da ita a kan kwal. Da itace kuwa, gizo yana saƙa ne wajen tsaftace gas ɗin: yana fitowa da kwalta da toka da sulfa, waɗanda ke kashe katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar. Kamfanin Choren na Jamus ya durƙushe a 2011, Fulcrum na Amurka, mai sarrafa sharar birni kusa da Reno, ya bi sahu a 2024.

Ta biyu, a dumama garin katako zuwa digiri 500 cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da iska ba, sai ya ba da wani baƙin ruwa mai warin hayaƙi. Ana kiran sa mai, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa ruwa ne, yana da tsami mai cin ƙarfe, ƙarfinsa bai kai rabin na ɗanyen mai ba, kuma in ya daɗe a tanki yakan yi kauri. Sai an cire masa oksijin da haidurojin kafin ya yi amfani. Ta uku, a dafa jiƙaƙƙen kaya, kamar dagwalon magudanar birni, cikin matsi mai ƙarfi a digiri 300 zuwa 350. Alfanunta shi ne ba sai an busar ba.

Abin da ya haɗa su duka shi ne neman katalis mai juriya, wanda zai yi watanni yana aiki cikin datti. Wani abin da ya cancanci kulawa shi ne zuba irin wannan ruwa kaɗan-kaɗan cikin matatun mai da ake da su, a tace shi tare da ɗanyen mai. Ya fi gina sabuwar matata araha nesa ba kusa ba.

Ina aka kwana kan man jiragen sama?

A ranar 28 ga Nuwamba 2023 wani jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York da man da babu ɗigon ɗanyen mai a cikinsa. Amma wannan da izini na musamman ne. A aikin yau da kullum, ƙa'ida ba ta yarda a gauraya fiye da kashi 50 cikin 100 ba. Dalilin yana cikin wani ɗan zoben roba. Man jirgi na asali yana ɗauke da wasu sinadarai da ke sa robar da ke toshe mahaɗar bututu ta kumbura ta kama sosai. Yawancin man tsirrai ba shi da su, don haka roba na iya tsukewa mai ya fara yoyo. A wancan jirgi sai da aka haɗa kashi 12 na wani mai da aka yi daga sukarin tsiro don cike wannan gurbi. Samar da irin wannan cikin araha, ko sauya robar, aiki ne da ke gaban masu bincike.

Babbar matsalar dai yawa ce. A 2024 duk man tsirran da jiragen duniya suka sha bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 daga 2025, kashi 6 a 2030, kashi 70 a 2050. Hanyar mayar da itanol man jirgi ta samu amincewa, kuma kamfanin LanzaJet ya ƙaddamar da masana'antarsa a jihar Georgia ta Amurka a 2024.

Tsohon man suya fa? An ce da shi ake yin mafi yawan man tsirran da jirage ke sha.

Haka ne, shi da kitsen mayanka. Fasahar ta nuna, kamfanin Neste na Finland yana da manyan matatu a Rotterdam da Singapore. Sai dai duniya ba ta soya abin da zai ishi jiragenta ba. Da buƙata ta yi yawa, tsohon mai ya yi tsada, sai zargi ya taso cewa ana cakuɗa sabon manja a sayar da sunan tsoho. Gwajin kabon na iya bambanta man tsiro da na ƙarƙashin ƙasa, amma ba ya bambanta sabon manja da wanda aka yi suya da shi. Ana buƙatar gwaji mai sauri da za a iya yi a tashar jiragen ruwa.

Me ya faru da bini da zugu da gansakuka, waɗanda aka yi ta yayatawa?

Wajen 2007 an tallata bini da zugu a matsayin tsiron da ke ba da mai a busasshiyar ƙasa ba ruwa ba taki. An karɓi filaye masu faɗi a Indiya da Tanzaniya da Mozambik. Tsiron yana rayuwa a ƙasa mara kyau, gaskiya ne, amma ba ya 'ya'yan kirki sai ya samu ruwa da taki kamar kowane amfanin gona. An dasa tsiron daji a dubban hekta kafin a inganta irinsa, kamfanoni suka watse, ƙauyuka da dama suka rasa fili suka rasa aiki.

Gansakuka kuwa, ma'aikatar makamashi ta Amurka ta yi bincike a kanta daga 1978 zuwa 1996, ExxonMobil ma ya zuba ɗaruruwan miliyoyin dala fiye da shekara goma kafin ya janye. Tana girma da sauri, amma tsamo ta daga ruwa da busar da ita na cin makamashi mai yawa, kuma wasu ƙananan halittu kan mamaye tafkin su cinye ta. A ci gaba da bincike a jami'a, amma kada a gina lissafin 2035 a kanta. Abin da ya fi ba da fata yanzu shi ne tsirrai masu mai irin su kamelina da karinata, da ake shukawa tsakanin girbi da shuka ta gaba, lokacin da gona ke zaune.

Ta yaya ake tabbatar da cewa man ya rage hayaƙi da gaske?

Ana bin sa ne daga gona har bututun hayaƙi: taki, dizal ɗin tarakta, jigila, wutar masana'anta. Takin zamani kaɗai na iya ɓata lissafi, domin yana sakin wata iska da ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon dayoksaid fiye da sau 270. A masana'antar gas kuma, ɗan yoyon iskar miten, wadda ita ma ke ɗumama duniya, yana iya cinye ribar da aka samu.

Mafi wuyar aunawa shi ne abin da ke faruwa a wani wuri. In aka mayar da gonar abinci ta mai, buƙatar abinci ba ta gushe ba, wani a wata nahiya zai sare daji ya maye gurbin. Timothy Searchinger da abokan aikinsa ne suka fito da wannan fili a mujallar Science a 2008, kuma har yau masana na samun alƙaluma mabambanta, domin lissafi ne na kwamfuta, ba abin da ake gani da ido ba. Dokar Tarayyar Turai ta 2018 ta ce sabuwar masana'anta sai ta rage hayaƙi da kashi 65 cikin 100, ta kuma tsara daina ƙidaya manja cikin man da ke rage hayaƙi kafin 2030. Haɗa hotunan tauraron ɗan Adam da awon kabon ɗin ƙasa a gonaki na gaske zai rage wannan gardama.

Jiragen ruwa fa?

Injinsu ba shi da zaɓe kamar na jirgin sama, yana iya shan mai mara tsafta sosai, don haka watakila nan ne kasuwar farko ta baƙin ruwan da aka ambata. Hukumar kula da sufurin teku ta duniya ta sa burin kawar da hayaƙi wajen 2050, kuma kamfanin Maersk ya ƙaddamar da jirgin kwantena mai amfani da metanol, wani nau'in barasa ɗan'uwan itanol, a 2023. Jiragen suna fitowa, metanol mai tsafta ne ya yi ƙaranci.

Me ya haɗa haidurojin da wannan magana?

Idan aka mayar da itace mai ta hanyar gas, fiye da rabin kabon ɗinsa yana ficewa a matsayin hayaƙi, saboda itace ba shi da isasshen haidurojin. In aka ƙara masa haidurojin da aka samar da lantarkin rana ko iska, man da ake samu daga tan ɗaya na iya ninkawa. Tun da tsirrai ne suka yi ƙaranci, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sharaɗin shi ne lantarkin ya zama mai tsafta kuma mai araha, in kuwa daga kwal aka samo shi, tufka da warwara aka yi.

In kuɗin bincike kaɗan ne, ina ya kamata a fara zuba shi?

Da ni ke rabon, kaso mafi girma zai tafi masana'antun gwaji masu matsakaicin girma, a bar su su yi dubban awoyi suna cin kara irin na gona, da yashinsa da danshinsa, kafin a amince da gina babba. Da yawan waɗanda suka rufe sun yi tsalle ne daga ƙaramin gwaji zuwa ƙaton gini, saboda masu zuba jari na gaggawa. Zan kuma sa sharaɗi cewa duk wanda ya karɓi kuɗin gwamnati sai ya wallafa bayanan gazawarsa: wane bututu ne ya toshe, bayan awa nawa, da wane irin kara. A yanzu irin wannan sani yakan tafi ne tare da injiniyoyin da aka sallama, sai wani kamfani a wata ƙasa ya sake biyan kuɗin koyon darasi ɗaya.

Bayan wannan sai gwajin ƙasar noma na dogon lokaci, da katalis mai juriya, da lignin. Ƙirƙiro sabon yis yana da amfani, amma shi ba ya rasa masu ɗaukar nauyinsa, domin yana saurin fitar da takarda a mujalla. Injin tace tsakuwa daga damin kara ne ba shi da uban gida.